Dikin da Matarsa Ba Ta Shiga Majami'a

Ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu, iyayena mata, 'yan'uwana da 'ya'yana na zumunta. Salamar Ubangiji ta zauna a kanku da gidajenku.

Sunana Rahila, amma a Lokuwa in kun ce Rahila ba kowa zai gane ba, sai kun ce Maman Kuve, matar mai injin niƙa. Na rubuta shaidar nan ne don a karanta muku, saboda muryata ba ta kaiwa bencin baya. Kuma in na ce zan faɗa da baki, murna za ta sa in fara daga ƙarshe. Tun Lahadin da zan ba ku labarinta ƙafafuna sun ƙi zama wuri ɗaya. Ina tuƙa tuwo ina waƙa, ina shara ina waƙa, yara suna leƙowa suna dariya, wai Mama ta koma yarinya.

An keɓe maigidana dikin, wato mai hidimar ikkilisiya. Ni kuma na durƙusa kusa da shi, a cikin majami'a, a gaban bagade, wurin da Fasto yake tsayawa. Wanda bai san ni ba zai ce, to mene ne abin shaida a nan? Ku yi haƙuri da ni, zan faɗa muku a hankali.

Kowa a nan ya san lokacin gudu. Ranar da 'yan bindiga suka shigo gari maigida yana gona a Digil, ni ina gida da yara. Muka fita da abin da ke jikinmu. A hanya wani mai shago, Allah ya sāka masa, ya tura mu cikin ɗakin ajiyar kayansa, mu mata da yara da yawa, ya ja ƙofar ƙarfe ya kulle ta waje don kada a gan mu. Ba taga. Sai zafi da duhu da numfashin mutane. Autata tana bayana, hannuna yana kan bakin yayarta don kada ta yi kuka. Muna jin bindiga tana matsowa, ta yi nisa, ta sake matsowa. Ban san tsawon zaman da muka yi ba. Daga baya mutumin ya dawo ya buɗe mana, muka bi ta duwatsu muka tsallaka iyaka. Sai bayan watanni muka haɗu da maigida.

Duk mun fito daga ɗakin nan da rai. Amma ni wani abu ya biyo ni daga ciki.

Da muka dawo gari aka gyara majami'armu, aka sa mata ƙofar ƙarfe, aka kuma kafa doka saboda tsaro: da an fara sujada sai a rufe. Doka ce mai kyau, ban ga laifin kowa ba. Lahadin farko na shiga da murnata, na zauna a tsakiyar mata. Ina jin ƙarar sakata sai ƙirjina ya toshe. Iska ta ƙare. Zufa ta keto min, bangon ya fara matsowa, na ji warin buhunan wannan ɗakin a hancina. Na tashi ina taka ƙafafun mutane, na roƙi mai gadi ya buɗe min. Mutane suka ɗauka jaririya ce ta ɓata min zani. Na sake gwadawa wani makon, haka aka yi. Sai na daina.

Mutum ɗaya na faɗa wa, maigidana Zira. Ku da kuka san shi kun san injin niƙa ya cinye masa kunne tun yana saurayi, ni kuwa maganata ƙasa-ƙasa ce. Mutane suna mamakin yadda muke hira. Sai da na bi shi gona, inda ba kowa, na sa bakina a kunnensa na faɗa masa duka. Na ce, "Baban Kuve, kada ka faɗa wa kowa. 'Ya'ya mata gare mu. In aka ji, za a ce hauka ce ko aljanu, a ce abin yana bin jini. Wa zai zo neman aurensu?"

Ya ce, "Na ji."

Abin da ya faɗa ke nan. A makon ya sassaƙa min 'yar kujera. Kowace Lahadi shi yake ɗaukarta, ya ajiye min a waje gindin taga, inda masu goyo suke zama, sa'an nan ya shiga.

Da farko ba wanda ya kula, ai ina da goyo. Amma autata ta yaye, ta shiga makarantar Lahadi, ta shiga firamare har ta gama, ni ina nan gindin taga. Waɗanda muka yi goyo tare sun koma ciki, ƙannensu sun zo sun koma, ina nan. Wa'azi ina jinsa, waƙa ina yi, baikona, wato sadakata, ina miƙawa ta taga. Abin da ya fi min ciwo shi ne jibin Ubangiji, gurasa da ƙoƙon da muke ci muke sha don tunawa da mutuwarsa. Ana raba shi ne a ciki, ƙofa a rufe. In na ji ƙarar ƙananan kofuna a kan faranti, sai in sunkuyar da kai kamar ina gyara ɗankwali.

Ga abin da ban yi tunaninsa ba. Kun san a wurinmu wanda aka sa a horo saboda wani zunubi, bencin baya yake zama, kuma ba ya cin jibi sai an maido shi. To ga mace ba ma a bencin baya ba, a bayan bango, shekara da shekaru ba ta cin jibi. Me kuke so mutane su ce? Ni ban san ana cewa komai ba. Na ɗauka shiruna ya rufe ni.

Bana ikkilisiya ta ga tana bukatar ƙarin dikinoni. Mun yi yawa, ɗalibai sun cika unguwa, gwauraye da marayu kuma sun ƙaru tun lokacin gudu. Fastonmu, wanda aka kawo mana bara, ya yi makonni yana koyarwa a kan wannan, ni ina sauraro ta taga. Ya ce aikin dikin ba sarauta ba ce, aikin faranti ne da tsintsiya. Shi zai san gwauruwar da rufinta yake yoyo, shi zai raba hatsin baiko, shi zai shiga gidan mara lafiya ya ga abin da bai kamata ya fito da shi a baki ba. Ya ce Maganar Allah tana neman mutum mai natsuwa, wanda ba zai faɗa maka wannan ya juya ya faɗa wa wani wancan ba, wanda giya ba ta mulkinsa, kuɗi ba sa rufe masa ido, mijin mace ɗaya, wanda ya iya riƙe gidansa. Kuma kada a ɗora masa hannu sai an gwada shi. Ina jin wannan ina cewa a raina, ai Baban Kuve ake kwatantawa.

Sai Fasto ya zo kan matan. Ya ce matar dikin ita ma ana dubanta, domin aikin na mutum biyu ne, shi ya sa ranar keɓewa take durƙusawa kusa da mijinta. Nan na tuna a ciki ake durƙusawar, ƙofa a rufe.

Zaɓenmu ba na takarda ba ne, saboda iyayenmu da yawa ba sa karatu. Ana fita fili, waɗanda aka ambata su tsaya su juya baya, kowa ya je ya tsaya a bayan wanda zuciyarsa ta yarda da shi. Da aka kira sunan Zira bai ma ji ba, yana can yana jera benci, sai da aka taɓa shi. Ya zo ya tsaya da garin masara a gashin girarsa. Ni ce ta farko a bayansa, tun da dama ina waje. Na waiga sai na ga layi ya miƙe har ya lanƙwasa wajen rijiya. Tsofaffin da yake yi wa niƙa kyauta, ɗaliban da yake ba su ruwa, duk suna nan. Kai, ran nan na yi murna.

Saura gwaji. Dattawa sukan zo gida su ga zaman mutum, su tambayi iyalinsa, su ji ta bakin maƙwabta, har waɗanda ba Kirista ba. Wata Talata da la'asar Fasto ya zo tare da Baba Ishaya, babban dattijon ikkilisiya, mutumin da ba ya wasa da tsari. Suka fara tsayawa wurin maƙwabcinmu Malam Hammadu, yana zaune gindin dogon yaro da rediyonsa. Katangarmu gajera ce, ina jin su.

Malam Hammadu ya ce, "Zira? Iyalina sun daɗe suna kai masa niƙa, ba su taɓa dawowa sun ce gari ya ragu ba. Lokacin gudu awakina da suka ɓace, shi ya gane su ya koro min. Ku ba shi ko mene ne kuke bayarwa. Amma fa in aikin na sauraron mutane ne, ku haɗa masa da lasifika."

Suka yi dariya suka shigo. Na kai musu ruwa, na gaishe su, na koma bayan zana ina tsince wake. Da yake sai an ɗaga murya maigida yake ji, babu abin da ya wuce ni.

Baba Ishaya ya ce, "Zira, a kanka ba mu sami komai ba. Amma matarka ba ta shiga majami'a, ba ta cin jibi. Mun duba, ba wanda ya taɓa sa ta a horo. Akwai wani abu tsakaninku?"

"Babu, Baba."

"Ta yi wani laifi ne da kuka rufe a gida?"

"Ba ta yi laifin komai ba."

"To mene ne?"

"Maganarta ce, Baba, ba tawa ba. Na yi mata alkawari."

Fasto ya sa baki a hankali, har sai da ya maimaita. Ya ce, "Ba tona asiri muka zo yi ba. Amma za a tambaye mu ko mutumin nan ya iya riƙe gidansa, dole mu sami abin faɗa."

Baba Ishaya ya buga sandarsa a ƙasa. "Ɗana, in ba ka faɗa ba, ba za mu iya ɗora maka hannu ba. Ka ga layin da ya tsaya a bayanka?"

"An ce in juya baya, Baba, ban gani ba." Ya ƙara da cewa, "Ku ɗora wa wani. Shara da jera benci dama ina yi, ba wanda ya hana ni."

'Yan'uwa, wake yana hannuna, na kasa ajiyewa, na kasa tashi. Taku kaɗan ne tsakanina da su. Amma ban fito ba. Har suka yi addu'a suka tafi.

Maigida ya zo ya tsaya a kaina ya ce, "Akwai sauran kunu?" Kamar ba abin da ya faru. Na miƙe na sa baki a kunnensa na ce, "Me ya sa ba ka faɗa musu ba?" Ya dube ni da mamaki. Ya ce, "Ke kika ce kada in faɗa."

Kashegari sai ga Mama Tabita mai ƙosai. Ƙawata ce tun ajin yaƙi da jahilci, benci ɗaya muka zauna, kuma bakinta ba shi da birki. Ta kawo niƙa, ta bar kwanon a bakin inji, ta shigo ta zauna a kan turmina ba sallama.

Ta ce, "Rahila, shirun nan naki zai kashe bawan Allah. Kin san abin da ake cewa?"

Na ce ban sani ba.

"Wasu sun ce a watannin da kuka rabu lokacin gudu kin yi abin kunya, shi ya sa kika sa wa kanki horo. Wasu sun ce shi ne mugu, a waje rago a gida zaki, shi ya hana ki shiga. Jiya wata ta tambaye ni ko lafiya a nema wa ɗanta Kuve, tun da ba a san abin da ke gidanku ba. Na ce ta sayi ƙosanta ta wuce. Amma ni ma ban san abin da zan ce ba, tun da ƙawar tawa ta maishe ni bango."

Kuve. Yarinyar da na yi shirun domin ta. Nan na fashe da kuka, na faɗa mata komai, ɗakin, ƙofar, sakatar.

Tabita ta riƙe haɓa. Ta ce, "Wannan ne? Wannan ne kika ɗauka ke kaɗai duk shekarun nan? Ke, ran nan tayar mota ta fashe a bakin titi, na bar mai a wuta, a cikin kwalbati aka same ni da matsami a hannu. Yaran makaranta suka cinye ƙosan. Wa ya fita daga gudun nan lafiya lau? Tashi ki ɗaura ɗankwali."

Na ce, "Ina za mu?"

"Gidan Fasto. Ki faɗa da bakinki, in muryar ta maƙale ni zan zama lasifikar."

Fasto ya aika aka kira Baba Ishaya. Na faɗa musu komai. Fasto ya sunkuyar da kai ya ce, "Mama, ki gafarce mu. Kullum ina ganinki ta taga ina wa'azi, ban taɓa zagayowa na tambaye ki ba." Ya ce wannan ba hauka ba ce, ba kuma aljanu ba, ciwo ne da tsoro mai tsanani yake bar wa mutum, kuma yana da taimako. Ya haɗa ni da wata ma'aikaciyar jinya a cikinmu da ta san irin wannan. Sa'an nan ya ce, in haka ne sai a yi keɓewar a waje, a fili.

Baba Ishaya ya girgiza kai. Ya ce, "'Yata, na yarda da ke, kuma mijinki ya ci gwajin da ban ma san na yi masa ba. Mutumin da zai bar matsayi don kada ya tona cikin matarsa, shi za a tura gidan gwauraye. Amma jama'a ba su ji abin da muka ji ba. In muka fitar da bagade waje, za su ce mun lanƙwasa tsari don mu rufe zunubi, kuma wannan maganar za ta bi shi duk gidan da ya shiga. Ko dai in tashi in faɗa wa ikkilisiya dalili, ko ki durƙusa kusa da shi a ciki, ko mu ɗaga nasa sai wani zaɓen."

Na ji zafin maganar, amma gaskiya ya faɗa. Na ce, "Baba, kada kowa ya faɗa a madadina. In za a ji, daga wurina za a ji, bayan na shiga."

Ni kaina ban san daga ina maganar ta fito ba.

Daga ranar, kullum da rana in Tabita ta sauke kasko, sai mu je majami'a lokacin ba kowa. Ta buɗe ƙofar, ta jingina da ita da dukan jikinta, ta ce, "Mai son rufe wannan sai ya fara ɗaga ni, kin kuwa san nauyina." Ranar farko a bakin dokin ƙofa na tsaya, na kasa ɗaga ƙafa. Na koma gida ina jin kunya. Maigida ya ce, "Kada ki wahalar da kanki saboda ni." Na ce, "Ba saboda kai kaɗai ba ne. Yunwar jibi nake ji."

Wata rana a wannan bakin ƙofar na durƙusa. Ban iya doguwar addu'a ba. Na ce, "Ubangiji, ka san ɗakin nan. Na daɗe ina tambayarka ina kake ran nan." Ina faɗar haka sai wani abu ya faɗo min a zuciya, a hankali, kamar mutum ya zauna kusa da ni. Ashe duk shekarun nan duhun nake tunawa da ƙarar sakata. Na manta cewa a ɗakin nan cike da jarirai ba wanda ya yi kuka lokacin da aka wuce ta bakin ƙofar. Na manta wata tsohuwa da ban sani ba da ta riƙe min hannu tun daga farko har aka buɗe. Yesu yana cikin ɗakin. Ba a waje ya tsaya yana jiran a buɗe ba, tare aka kulle mu.

Na yi kuka har zanina ya jiƙe. Sa'an nan na tashi na taka ciki, na zauna a bencin baya, bencin horon nan, na yi numfashi. Iska ta shiga. Tabita tana bakin ƙofa tana share ido da gefen zani tana cewa hayaƙin ƙosai ne.

Ba rana ɗaya abin ya tafi ba, kada in yi muku ƙarya. Ma'aikaciyar jinyar ta koya min yadda zan ja numfashi in ya taso, da yadda zan riƙa kiran sunan abin da idona yake gani, benci, fanka, agogo, har ya lafa. Yau in matsa benci ɗaya, gobe in koma baya, jibi in matsa. Amma majami'a ba kowa daban take da majami'a cike da mutane, kuma ban taɓa yarda an rufe ƙofar ba. Har ranar Asabar ban san ko zan iya ba.

Lahadi ta zo da hadari a gabas. Na ɗaura zanin zumunta, maigida ya sa farar rigar da Kuve ta goge masa. Da muka iso ya miƙa hannu ya riƙe nawa a gaban mutane, abin da bai taɓa yi ba tun aurenmu. Muka shiga. Na ji surutu yana mutuwa benci bayan benci. Muka zauna a gaba tare da sauran waɗanda za a keɓe da matansu.

Mai gadi ya je zai ja ƙofa. Sai Baba Ishaya ya taso daga kujerar dattawa, ya bi tsakiyar majami'a da sandarsa, ya ɗauki kujera ya dasa a bakin ƙofar ya zauna. Ya ce wa mai gadin, "Bar ta. Yau ni ne ƙofa."

Aka yi waƙa, aka yi wa'azi, zuciyata tana bugawa amma ina zaune. Aka kira mu muka durƙusa. Fasto ya fara yi wa mazan tambayoyi, ko za su yi hidima da aminci, ko za su kula da matalauta ba tare da zaɓe ba. Sai ruwa ya sauko da iska mai ƙarfi, yana feshi ta ƙofa. Na ji mata a baya suna ja da benci, yara suna ihu. Na waiga. Baba Ishaya yana zaune inda yake, ruwa yana dukansa, babbar rigarsa ta manne a jiki, tsoho mai ciwon gwiwa. Bai motsa ba. Ni yake kallo.

Na ce a raina, Yesu, kana ciki. Na ɗaga wa Baba Ishaya kai, alamar a rufe.

Ya nuna ƙofar da sanda, yana tambayata ko na tabbata. Na sake ɗaga kai. Aka ja ta. Na ji ƙarar sakata har cikin haƙorana. Ƙirjina ya fara matsewa, na ja numfashi, na ce bagade, na ce fure, na ce kunnen Baban Kuve. Sai ya sake ni. Ya sake ni, 'yan'uwa! Ina durƙushe, ƙofa a rufe, mutane cike, ina numfashi kamar kowa. Dattawa suka zo suka ɗora hannu a kan mazan, Baba Ishaya yana ɗigar ruwa a kan farar rigar maigida. Fasto ya tambayi ikkilisiya ko sun karɓe su, Amin ɗin da aka yi ya fi ƙarar ruwan a kan kwano.

A wurinmu aikin farko na sabon dikin shi ne ya raba jibi a ranar. Aka miƙa wa maigida faranti. Ya zo gabana ya tsaya. Ana raba jibi ne shiru, kowa ya sani. Shi a ganinsa raɗa ya yi. Amma har mai gadi ya ji shi:

"Karɓi, Maman Kuve. Kin daɗe."

Wasu suka yi dariya, wasu suka fashe da kuka, Tabita ta saki guɗa a tsakiyar jibi, Fasto bai hana ta ba. Na karɓa na ci, na sha. Haleluya!

Bayan sujada na roƙi izini na tsaya na faɗa wa ikkilisiya dalilina, Tabita tana maimaitawa da ƙarfi. Ban gama sauka ba mata biyu suka tare ni. Ɗaya ta ce ita kasuwar Mubi ce ba ta iya shiga in ta cika. Ɗayar ta ce mijinta ya bar zuwa sujada tun da aka dawo, kowa yana cewa ya ja da baya ne, alhali ita ta san ba haka ba ne. Gidansu ne gida na farko da sabon dikin ya je, ni ma na bi shi, domin in mai gidan ya yi magana a hankali sai an sami mai ji.

Har yanzu kusa da ƙofa nake zama, wata rana kuma abin yakan taso sai na yi ta jan numfashi. Amma a ciki nake.

Iyayena da 'yan'uwana, in lokacin zaɓen dikinoni ya zo a ikkilisiyarku, ku gwada su sosai, Maganar Allah ce ta ce a gwada. Ku je gidajensu, ku tambayi maƙwabta. Amma in kun ga abin da ba ku gane ba a gidan mutum, ku zauna ku tambaya da ƙauna kafin ku ba shi suna. Ke kuma da kike ɗauke da abin da kike tsoron a ji, ki nemi mutum ɗaya mai tsoron Allah ki faɗa masa. Ni na ɗauka in aka ji za a guje ni. Da aka ji, tsoho ne ya zauna cikin ruwa domina.

Na gode wa Yesu da bai gaji da jirana ba. Ku dogara gare shi, ko ina aka kulle ku yana wurin. Ku taya ni yi masa godiya, ku ɗaga murya sosai, don maigidana ma ya ji. Amin.